Monteil: Baƙon da Ya Ci Tuwon Sakkwato, Kano da Kukawa, Ya Tafi da Taswira

A tsakiyar watan Oktoba na 1891, damina ta ɗauke ana haramar girbin dawa, wani ɗan ƙaramin ayari ya iso Sakkwato ta hanyar Argungu. Nasara biyu ne a cikinsa, sai 'yan rakiya daga Sanagal waɗanda ba su taka kara sun karya ba, da dabbobin kaya da doguwar tafiya ta ramar. Mutumin da ya saba ganin ayarin fataken goro mai jakuna ɗaruruwa ba zai ko ɗaga kai ya dubi wannan ba, in ba don farar fatar shugabansa ba. Sunan shugaban Parfait-Louis Monteil, hafsa a sojan Faransa, shekararsa 36. Shekara guda ke nan yana tafe daga bakin tekun Atlantika, kuma da sauran fiye da shekara a gabansa kafin ya ɓulla Tarabulus.

Bai zo da igwa ba, bai kuma ci gari ko ɗaya da yaƙi ba. Amsar tambaya guda aka aiko shi nema: ina ƙasar Sarkin Musulmi ta tsaya? Amsar da ya koma da ita Paris tana cikin dalilan da suka sa a yau mutumin Illela yake Najeriya, ɗan'uwansa na Birnin Ƙonni yake Nijar, Bakatsinen Jibiya yana lissafi da naira, na Maraɗi yana yi da sefa.

Layin da aka ja a Landan

Ranar 5 ga Agusta, 1890, Firayim Ministan Ingila Lord Salisbury da jakadan Faransa a Landan, William Waddington, suka sa hannu a wata gajeriyar takarda. Ta ce a ja layi daga garin Sayi da ke bakin Kogin Kwara zuwa Barruwa da ke gaɓar Tafkin Chadi. Abin da ke arewa da layin rabon Faransa ne, na kudu kuwa na Ingila. Sai aka ƙara wani sharaɗi: a lanƙwasa layin yadda duk abin da yake halal ɗin daular Sakkwato zai faɗa hannun Kamfanin Royal Niger na George Goldie.

Hujjar Ingila ita ce takardun da Joseph Thomson ya karɓo wa kamfanin a Sakkwato da Gwandu a 1885. A cikinsu kamfanin ya yi alkawarin biyan buhu 3,000 na wuri ga Sakkwato da 2,000 ga Gwandu kowace shekara. A Landan ana nuna takardun a ce sarakuna sun miƙa ƙasa. A fada kuwa, kuɗin da ɗan kasuwa ke kawowa shekara-shekara don a bar shi ya yi ciniki lafiya sunansa gaisuwa, kuma mai kawo gaisuwa shi ne a ƙasa.

Salisbury bai ɓoye murnarsa ba. Ya shaida wa Majalisar Dattawan Ingila cewa ƙasar da aka bar wa Faransa irin wadda manoma ke kira ƙasa mara nauyi ce, wato yashin Sahara. Maganar ta yi wa Faransawa zafi. Amma sharaɗin nan na Sakkwato ya bar musu ƙofa a buɗe: duk garin da aka tabbatar ba ya bin Sarkin Musulmi, ana iya jayayya a kansa. Matsalar ita ce babu Bafaranshen da ya taɓa taka ƙasar. Abin da ke hannunsu littattafan Heinrich Barth ne, wanda ya ratsa yankin shekara arba'in da suka wuce. Eugène Étienne, ƙaramin ministan ƙasashen mallaka, ya yanke shawarar tura mutum ya bi layin da ƙafarsa.

Ɗan makarantar Sanagal

An haifi Monteil a Paris ranar 18 ga Afrilu, 1855. Yana ɗan shekara 15 Jamus ta lallasa Faransa ta ƙwace yankunan Alsace da Lorraine, kuma yawancin hafsoshin tsararsa sun taso da wannan miki. Tunda ba su da halin ramawa a Turai, da yawansu suka juya Afirka da Asiya neman maido da martabar ƙasarsu. Ya shiga makarantar hafsoshi ta Saint-Cyr a 1874, ya fito a 1876 aka sa shi a rundunar da ake turawa ƙasashen mallaka, inda zazzaɓi ya fi harsashi kashe soja, shi ya sa ƙarin girma ke zuwa da wuri ga wanda ya yi tsawon rai.

Sanagal ce makarantarsa ta gaskiya. A zamanin Gwamna Brière de l'Isle ya yi aiki a ofishin da ke hulɗa da sarakunan ƙasa, aka kuma tura shi ƙasar Jolof da dajin Ferlo a 1879. Can ya koyi abin da ba a koyarwa a filin fareti: yadda ake jira a ƙofar fada, wa ake fara gaisarwa, wace kyauta ce ta dace da sarki, wace ce ta dace da bafadensa. Daga baya ya yi aiki a tsibiran tekun Fasifik da Indochina, a tsakani kuma ya jagoranci awon hanyar jirgin ƙasa da ake son shimfiɗawa daga Kogin Sanagal zuwa Bamako. Ya iya awon taurari don gane inda yake a doron ƙasa, ya iya zana taswira, ya iya zaman fada. Waɗannan ukun suka sa Étienne ya zaɓe shi.

Daga Segu zuwa Sayi

Ya bar Faransa a watan Satumba na 1890, ya tashi daga Saint-Louis a Oktoba tare da mataimakinsa Badaire, ya bar Segu a ƙarshen Disamba. Segu ita ce iyakar ikon Faransa a lokacin, kuma wata takwas kacal da Kanar Archinard ya ƙwace ta daga hannun Ahmadu Sheku, ɗan Alhaji Umaru Futi. Shi Alhaji Umaru ya zauna Sakkwato shekaru a zamanin Muhammadu Bello, har ya auri 'yarsa. Wato mutumin da ke kan hanyar neman abota da Sakkwato ya fito ne daga garin da 'yan'uwansa suka ci daga hannun surukan gidan Shehu.

Daga nan ya shiga ƙasashen da ke cikin gwiwar Kwara. A San ya samu takardar yarjejeniya ta farko. Ya gana da Sarki Tieba na Sikaso a sansanin yaƙi. A Bobo-Dyulaso wata mace mai faɗa a ji, Gimbi Watara, wadda ta taɓa saukar da wani matafiyi Bafaranshe mai suna Binger, ita ta karɓe shi. A Wagadugu labari ya sha bamban: Mogo Naba Wobgo ya ƙi ganinsa, ya aika a ce ya bar gari. Sarkin Mosi ya gane abin da wasu ba su gane ba, cewa Nasaran da ya zo yau da kyauta, ƙaninsa zai zo gobe da bindiga. Shekara biyar bayan haka, a 1896, sojan Faransa suka shiga Wagadugu suka kore shi.

A ƙasar Liptako ya samu sa hannun masarautar Dori a watan Mayu na 1891, amma a nan ya yi karo da abin da ya fi kowane sarki ƙarfi a shekarar, wato ciwon bushiya. Annobar ta shigo ta gabashin Afirka a ƙarshen shekarun 1880, ta keto nahiyar tana share garkunan Fulani. Monteil ya ga rugage sun zama kufai, shanun da ke ɗaukar masa kaya suka faɗi, wasu 'yan rakiyarsa suka gudu, shi kansa ciwo ya kwantar da shi makonni a ƙasar Yaga. Da kyar ya kai Sayi a watan Agusta, ya karɓi takarda daga mai garin, ya haye kogi.

Argungu ta ba shi abin da ya zo nema

Tsakanin Kwara da Sakkwato ne tafiyar ta fara biyan kuɗinta. A taswirar da aka yi ciniki da ita a Landan, duk yankin nan ƙasar Gwandu ce. A ƙasa kuwa ba haka abin yake ba. Tun boren Yakubu Nabame a 1849 Kabawa suka ɓalle, Zabarmawan Doso da Arawa da Dandawa suka mara musu baya. Lafiyar Toga, sulhun da aka ƙulla a shekarun 1860, ta amince da zamansu, daga baya ma aka koma fagen fama. Monteil ya tarar da Sarkin Kabi Sama'ila, wanda aka fi sani da Sama, zaune daram a Argungu, ba ya kai gaisuwa Gwandu balle Sakkwato, mayaƙansa na kai hari har kusa da ganuwar biranen daular.

Ya sha wuya a wannan yanki, ga sata ga matsin neman kyauta, amma abin da ya rubuta a littafin aljihunsa ya fi duk kayan da ya rasa daraja. Tafiyar kwana uku zuwa huɗu daga fadar Sarkin Musulmi akwai sarkin da ba ya bin sa. Ashe ke nan ba za a ce duk abin da ke kudu da layin Sayi halal ɗin Sakkwato ba ne.

A Sakkwato ya tarar da sabon sarki. Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba ya rasu a farkon shekarar, an naɗa Abdurrahman ɗan Abubakar Atiku, wanda tarihi ya riƙe da laƙabin Ɗanyen Kasko. Harkar baƙi da wasiƙu tana hannun Waziri Buhari. An sauki Monteil da mutunci, a ƙarshen Oktoba kuma ya samu takardar da ya kira yarjejeniya tsakanin Faransa da daular.

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya. Fadar Sakkwato ba baƙuwar Nasara ba ce. Clapperton ya zo a 1824, ya dawo ya mutu a can a 1827. Barth ya karɓi takarda daga Aliyu Babba a 1853. Fiƙihun da daular ke aiki da shi ya tanadi matsayin wanda ba Musulmi ba da ya shigo da aminci: a ba shi amana, a tsare ransa da dukiyarsa, ya yi cinikinsa ya wuce. Malaman fada sun san wannan babi sarai, kuma babu abin da ke cikinsa da ya yi kama da miƙa ƙasa. Bayan tafiyar Monteil fadar ta ci gaba da naɗa sarakuna, da karɓar haraji, da shirin yaƙin Argungu, babu wanda ya tuna da Paris. Mai masauki ya ba da amana, baƙo ya naɗe takarda a matsayin hujjar da za a ajiye gaban Ingila. Ya kuma lura da wani abu da ya faranta masa rai: bai ga wakilin Kamfanin Royal Niger ko tutarsa ba a birnin da Landan ke cewa yana ƙarƙashin kamfanin.

Wata uku a Kano

Ya bi ta Zamfara ya iso Kano a ƙarshen Nuwamba, zamanin Sarki Muhammadu Bello, ya zauna har Fabrairun 1892. Ga mutumin da ya shekara yana ratsa ƙauyuka da garuruwan da annoba ta ɗaiɗaita, Kano wata duniya ce. A Kasuwar Kurmi ake haɗuwa: goron Gwanja da fatake ke ɗaukowa wata da watanni a kan jaki, kanwa daga Borno, gishirin Bilma a kantu-kantu da Abzinawa ke saukewa, jan kilago da Larabawan Gadamas ke ɗaurewa zuwa Tarabulus, baƙin rini mai ƙyalli daga karofin Ƙofar Mata da na Kura wanda Buzaye ke naɗawa har tsakiyar Sahara. A gefe guda kuma ga bayi a zaune ana taya su. Kuɗin gari wuri ne, ana ƙirga shi a ƙasa, 20,000 su cika keso ɗaya, nauyin da sai ƙato ke ɗauka. Babban ciniki sai da liyari na azurfa, ko bawa, ko takardar bashi da za a biya a wani gari.

A wannan tsari Monteil ya rayu, kuma a nan sirrin nasararsa yake. Matafiyi irinsa ba ya keta daji da kamfas kamar yadda jaridun Paris suka riƙa zana shi. Hanyar fatake yake bi, ya kwana a zango, ya shiga gari a kai shi wurin fatoma, ya aika gaisuwa fada, a aiko masa da tuwo da rago da dawar dabbobi, ya ba ɗan aike tukuici. Idan zai tashi a ba shi wasiƙa da manzo zuwa sarki na gaba. Hanyoyin da aka ce ya gano, madugai sun san kowace rijiya da ke kansu tun kakanninsu. Hausawa na cewa baƙonka annabinka, kuma daga Sakkwato har Kukawa wannan ɗabi'a, tare da hatimin sarakuna, ita ta tsare shi fiye da 'yan bindigogin da ke tare da shi.

A Kano labari mara daɗi ya iske shi: an kori wasu Nasara daga Borno. Mutanen Kamfanin Royal Niger ne ƙarƙashin Charles McIntosh, waɗanda suka je Kukawa da kaya da 'yan bindiga neman yarjejeniya, Shehun Borno ya sallame su hannu rabbana. A 1891 dai aka kashe Paul Crampel, Bafaranshen da ya nufo Chadi daga Kongo, a Dar Kuti, ƙasar da ke ƙarƙashin inuwar Rabe. Monteil ya fahimci cewa shiga Borno sai da lallami. Ya bi ta Haɗeja, inda sarki ya haɗa shi da rakiya zuwa iyaka.

Kukawa a shekararta ta ƙarshe

Ya shiga Kukawa a watan Afrilu na 1892. Birnin da Shehu Laminu ya kafa a 1814 gari biyu ne, kowanne da ganuwarsa: na yamma na talakawa da 'yan kasuwa, na gabas na Shehu da manyan fada, ga dandal ya ratsa su. Shehu Hashimi ɗan Umar ya karɓe shi a bainar jama'a, abin da ya hana mutanen kamfani. Bambancin a fili yake. McIntosh ya zo da kamannin mai ƙarfi, Monteil ya zo da kamannin mai neman hanya, ɗauke da wasiƙun sarakunan Musulmi.

Amma takarda kam bai samu ba. Larabawan Tarabulus da Fezzan da ke riƙe da cinikin Sahara sun san abin da Faransa ta yi a Aljeriya tun 1830 da Tunis a 1881, ba su da dalilin yi masa fatan alheri. Fadar ta riƙe shi wata huɗu, ba a kore shi ba, ba a kuma sallame shi ba.

A wannan zama ya haɗu da wani mutum da labarinsa ya isa littafi. Giuseppe Valpreda, mutumin Italiya, ya zo Kukawa a 1870 a matsayin baran Gustav Nachtigal, wanda ya kawo wa Shehu Umar kyaututtukan Sarkin Furusiya. Ya rabu da maigidansa, ya musulunta, aka sa masa suna Muhammadu al-Muslimani, ya zauna yana yi wa fada aikin hannu. Shekara 22 ke nan yana garin lokacin da Monteil ya same shi.

Abin da Monteil ya gani a Borno shi ne daula mai girman suna wadda fadarta ta cika da kishi da rigimar 'ya'yan sarki, ga Rabe yana matsowa daga kudu maso gabas. Shekara guda bayan tafiyarsa, a 1893, Rabe ya karya rundunar Borno, ɗan ɗan'uwan Hashimi, Kyari, ya sa aka kashe Hashimin, aka ƙone Kukawa, mulki ya koma Dikwa. A ƙarshen shekarar kuma Sarkin Kano Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur, Yusufawa suka fice daga birni, Basasa ta ɓarke. Wannan ya sa bayanin Monteil ya zama hoton ƙarshe da wani Bature ya ɗauka na Kukawar gidan Kanemi da Kanon da ba ta san Basasa ba.

A tsakiyar Agusta ya samu shiga wani ayari mai zuwa arewa. Suka bi gaɓar tafki ta Barruwa da Ngigmi, ya zama Bafaranshe na farko da ya ga Chadi. Suka keta yashin Tintumma zuwa rijiyoyin Agadem, suka huta a Bilma da dausayoyin Kawar, suka haura Tummo zuwa Murzuk a ƙasar Turkawa a ƙarshen Oktoba. Ranar 10 ga Disamba, 1892, ya shiga Tarabulus, wata 27 bayan barinsa Faransa.

Daga teburin Berlin zuwa dajin Baule

Paris ta karɓe shi da kiɗa da algaita. Ƙungiyar Masana Labarin Ƙasa ta ba shi babbar lambar zinariya, a 1895 kuma ya fitar da littafin tafiyar, De Saint-Louis à Tripoli par le lac Tchad. Gwamnati ta ga tana da mutumin da zai iya zama a teburin ciniki ya ce na je na gani. Aka tura shi Berlin tare da Jacques Haussmann don raba iyaka da Jamus tsakanin Kamaru da Kongon Faransa. Yarjejeniyar da aka kammala ranar 15 ga Maris, 1894, ta bai wa Jamus hanyar isa tafki ta tsakanin kogunan Logone da Shari, ta bar wa Faransa gabashin Shari. Ta wannan ƙofa Émile Gentil ya shigo da jirgin ruwa Tafkin Chadi a 1897, ta nan kuma ɗaya daga cikin rundunoni ukun da suka kashe Rabe a Kusuri ranar 22 ga Afrilu, 1900, ta biyo.

Tun a watan Mayun 1893 Shugaban Faransa Sadi Carnot ya kira Monteil fada, aka ɗora masa wani buri mafi girma: ya bi ta Kogin Ubangi ya kafa tutar Faransa a Fashoda a bakin Nilu, don a tilasta wa Ingila sake tattauna zamanta a Masar. Ya kai gaɓar Kongo a 1894, sai umarni ya canja. Aka ce ya juya Kwaddibuwa ya tare Samori Ture kafin ya ci birnin Kong.

A nan rayuwarsa ta juya. Mutumin da ya ratsa Afirka da 'yan tsirarun mutane, yanzu an ba shi muƙamin laftanar-kanar da runduna da igwa. Runduna kuwa tana cin abinci, tana bukatar 'yan dako, kuma ba a roƙonsu, kama su ake yi. Mutanen Baule, waɗanda ta ƙasarsu za a wuce, suka ɗauki makami. Watanni suka tafi a faɗa da su cikin kurmi, ga rashin jituwa tsakaninsa da Gwamna Binger. Da ya kai ga mayaƙan Samori a watan Maris na 1895, rundunarsa ta riga ta gaji. Aka harbe shi a ƙafa, ya ja da baya, Paris ta kira shi gida. Samori ya rusa Kong a 1897. Jean-Baptiste Marchand, wanda ya yi aiki ƙarƙashinsa a wannan yaƙi, shi ya kai tutar Fashoda a 1898, Ingila ta sa aka sauke ta.

Monteil ya bar soja a 1896 yana ɗan shekara 41. Ya shiga siyasar masu zafin kishin ƙasa, ya nemi kujerar majalisa bai samu ba. A 1924 ya fitar da littafin tunawa da rayuwarsa, ya mutu a Herblay kusa da Paris ranar 29 ga Satumba, 1925. Gidansu bai rabu da Afirka ba. Ƙaninsa Charles Monteil ya yi rubutu mai zurfi a kan Jenne da Bambara, ɗan Charles ɗin kuma, Vincent Monteil, ya shugabanci cibiyar binciken IFAN a Dakar, daga baya ya musulunta ya ɗauki sunan Mansur.

Yadda bayanin matafiyi ya zama iyaka

Monteil bai taka Maraɗi ko Damagaram ba, amma hujjar da ya kafa a Argungu ta shafe su. Idan ma'aunin shi ne wa ke bin Sarkin Musulmi, to Katsinawan da suka kafa Maraɗi bayan jihadi ba sa bi, Gobirawan Tsibiri ba sa bi, Damagaram kuwa tun asali Borno take kai wa gaisuwa. Masu ciniki na Faransa suka riƙe wannan a kowane zama.

Yarjejeniyar 14 ga Yuni, 1898, ta soke miƙaƙƙen layin Sayi, ta zana baka mai nisan mil 100 kewaye da birnin Sakkwato. Da Faransawa suka zo aiki da ita, bayan ta'asar rundunar Voulet da Chanoine a Ƙonni da Lugu da kuma cin Zinder a 1899, sai suka tarar hanyar da ta rage musu daga Kwara zuwa Damagaram ba ta da ruwa a rani. Suka koma tebur. A sulhun 8 ga Afrilu, 1904, Faransa ta saki tsohon haƙƙinta na kamun kifi a gaɓar Newfoundland, can arewacin Amurka, Ingila kuma ta matsar da iyaka kudu, aka rubuta cewa mutanen Tasawa da Maraɗi da Zinder a bar su ɓangaren Faransa gwargwadon hali. Haƙƙin masuntan Faransa a wani teku mai ƙanƙara aka musanya da rijiyoyin Hausawa. Yarjejeniyar 1906 ta daidaita sauran, Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka bi suna kafa duwatsu har 1908. Argungu, wadda da ita aka fara kafa hujjar, ta ƙare a hannun Ingila, Doso da Sayi suka tafi Faransa.

Adalci ya sa a faɗi cewa Turawa ba su ƙirƙiro wannan rabuwa daga babu ba. Tsakanin ribaɗoɗin daula da garuruwan Haɓe akwai dajin da aka shekara tamanin ana kai hari ta cikinsa. Sai dai waccan iyaka tana numfashi: a yi yaƙi bana, a yi sulhu baɗi, fatake su wuce, a yi auratayya, gari ya sauya uban gida. Abin da takardun Landan da Paris suka yi shi ne ɗaukar yanayin shekara guda, kamar yadda baƙo ya gan shi yana wucewa, su daskarar da shi. Daga nan aka samu harshen boko biyu, kuɗi biyu, kwastan biyu. Da aka rufe iyakar a 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, 'yan kasuwar Jibiya da Maigatari da Illela sun ji a jikinsu nauyin layin da ba kakanninsu suka ja ba.

Littafin Monteil yana nan, kuma ya cancanci masu karatun Hausa su san abin da ke cikinsa, domin akwai bayanin kasuwanni da fadoji da hanyoyi na shekarun 1891 da 1892 da wuya a samu a wani wuri. Amma shaidar mutum ɗaya ce, mutumin da ke ji ta bakin tafinta, wanda kuma aka aiko don ya nemo raunin daula. Ɗaya ɓangaren labarin yana cikin wasiƙun Larabci na gidan Waziri a Sakkwato, da taskar tarihi ta Kaduna da Gidan Arewa, da Tarihin Kano wanda ya tsaya daidai kan sarautar Bello, da abin da tsofaffin Argungu da Doso suka riƙe a ka. Ɗaliban tarihi na Sakkwato, Kano, Maiduguri, Yamai da Zinder ne ke da harsunan da ake bukata don a ajiye shaidun biyu gefe da gefe, a gane me sarakunan suka ɗauka sun bayar, me kuma baƙon ya ce ya karɓa.